Zazzaɓin da Ya Ɓuya a Ɓargon Babana

Babana mahauci ne, kamar ubansa. Kakanninmu fataken goro ne da suka sauke kaya a Djougou ba su sake ɗauka ba, kuma da goro ya daina riƙe gida sai ɓangarenmu ya koma fawa. Yana da teburinsa a kasuwa, amma da ƙafarsa yake bin kasuwannin shanu, Partago, Pélébina, har cikin Borgou, domin bai taɓa yarda wani ya zaɓa masa sa ba. Ƙato ne, mai babbar murya. Idan ya yi dariya a zaure, maƙwabta sun san ya dawo. Yana kirana Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ni kaɗai ce cikin 'ya'yansa da na yi nisa a lakkol, wato makarantar boko. Lokacin da wannan abu ya faru ina koyarwa a Parakou, ina zaune can da mijina.

Zazzaɓin ya fara ne bayan Babbar Sallah. Kowa ya ce gajiyar layya ce, domin a kwanakin nan mahauci ba ya zama. Da gajiyar ta ƙi wucewa aka ce palu ne, wato zazzaɓin sauro. Ya sha ƙwayoyi, ya ji dama-dama, ya koma kasuwa, zazzaɓin ya dawo. Aka kai shi ƙaramin asibitin unguwa, aka yi masa allurai. Ya sake dawowa. Aka ce to, taifot ce, aka ba shi wasu ƙwayoyin. Kullum da safe yakan tashi kamar lafiyayye, sai la'asar ta yi jikinsa ya ɗau zafi, ya nemi a lulluɓe shi, gari ya waye shimfiɗarsa sharkaf da gumi.

Duk wannan ta waya nake jin sa, kuma Inna, mahaifiyata, ba ta iya ba da labarin ciwo ba. Idan na tambaye ta sai ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Na yarda da ita har damina ta ƙare. Ranar da na samu hutu na hau mota na je gida, na tarar da wani tsoho zaune a kan tabarma a tsakar gida, ya jingina da bango, rigar Babana a jikinsa tana reto. Na gaishe shi na nufi ɗaki. Sai ya ce, "Uwata, ni za ki wuce?"

Ban san lokacin da jakata ta faɗi ƙasa ba. Wuyan nan nasa mai kauri ya koma kamar na zakara. Idanunsa sun faɗa ciki. Na durƙusa na kama hannunsa, tafin fari fat kamar ba jini a ciki. Na juya ga Inna na ce, "Wannan ne sauƙin?" Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsince wake.

Washegari na kai shi babban asibitin garinmu. An ɗebi jini, an ɗebi fitsari, an ɗauki hoton ƙirji. Babu palu, babu taifot, huhunsa fes. Aka ba shi kwalba ya tofa kaki don a duba tarin fuka, ya yi ta kakari bai samu abin tofawa ba, domin tun da ciwon ya fara bai yi tari ko sau ɗaya ba. Daga nan likitan ya ja ni gefe ya ce yana so a yi gwajin sida, wato ƙanjamau. Na fassara wa Baba da Hausa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙa hannu ya ce a ɗiba. Wannan ma ya fito babu komai. A kan hanyar komawa gida bai yi mini magana ba, ni ma ban iya kallonsa ba.

Likitan ya ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, kuma abin da suke da shi na bincike ya ƙare, a kai shi Parakou. A nan ne Baffa ya shigo maganar. Baffa yayan Babana ne, shi ne babban gidanmu, ba a ɗaga tsinke sai da saninsa. Ya ce tun da asibiti ta duba ba ta ga komai ba, ai ciwon ba na asibiti ba ne. Mahauci mai kasuwa ba ya rasa mahassada. Aka shiga rubutu, aka shiga hayaƙi, aka kai shi wajen wani mai magani can wajen Bariénou a bayan babur, an ɗaure shi da zane a jikin mai tuƙi don kada ya faɗi. Mai maganin ya ba shi wani jiƙo da ya sa shi amai da gudawa har ya kasa tashi ya yi alwala. Ni kuwa hutuna ya ƙare, na koma Parakou ina shiga aji, ina rubutu a allo ban san abin da nake rubutawa ba.

Wata ranar Juma'a Inna ta kira ni da kanta, abin da ba ta saba yi ba. Ba ta ce da sauƙi ba. Ta ce, "Babanku ya faɗi a banɗaki. Hancinsa yana zubar da jini ya ƙi tsayawa." Mijina ya nemo mota muka tafi. Na je na durƙusa a gaban Baffa a zaure, na ce, "Baffa, an gwada naku. Ku ba ni shi in gwada nawa." Ya ce, "Ki kai shi. Amma ni ma zan bi ku, kada a wulaƙanta mini ɗan'uwa a garin mutane."

Haka muka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar Inna, Baffa a gaba yana jan carbi. Duk ramin da motar ta faɗa sai Baba ya yi nishi. Manyan motocin auduga suna wuce mu, tamu tana girgiza. Ina ta leƙa ƙirjinsa in ga yana motsi.

A babban asibitin Parakou aka ba shi gado a ɗakin maza. Masu jinya suna zaune a waje ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, kowa da murhunsa da tabarmarsa, ana jin Bariba, Dendi, Fillanci, Faransanci, duk a wuri ɗaya. Inna ta shimfiɗa tata tabarmar a can. Likitar da ta karɓe mu mace ce, siririya, 'yar kudu, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ta daɗe tana tambayata: me yake ci, ina yake zuwa, yana shan nono, yana taɓa mushe, wa ya yi irin wannan ciwo a gida. Ta danna cikinsa ta gefen hagu ta ce saifarsa ta kumbura. Baba ya tambaye ni me ta ce, na faɗa masa. Ya ce, "Na ji ta tuntuni. Na ɗauka ba za su gane ba."

Aka sake duk gwaje-gwajen da aka yi a Djougou, aka ƙara wasu. Aka sa masa maganin ƙwayoyin cuta masu ƙarfi ta jijiya. Aka nemi jini, abokan sana'arsa suka cika mota daga gida suka zo suka bayar, ƙatti suna kau da kai daga allura. Jinin ya shiga, leɓunansa suka ɗan yi ja, bayan 'yan kwanaki suka sake yin fari. La'asar tana yi zazzaɓin yana zuwa, kamar bai san an canza gari ba. Na fara tsoron kiran sallar la'asar. Da na ji ladan sai in sa hannu a goshinsa, in ji zafin yana tasowa.

Kowane sakamako da na karɓo daga labo, ɗakin gwaje-gwaje, kalma ɗaya ce a kansa: négatif. Babu. A da ina ɗaukar wannan kalma a matsayin albishir. A makonnin nan na tsane ta. Na kai inda nake roƙon Allah a ce an ga wani abu, ko mene ne, ko da mummuna ne, don dai in san da me muke faɗa. Mutum yana narkewa a gabana, takarda tana cewa lafiyarsa lau.

Wata safiya likitar ta kira ni ofishinta. Ta ce jajayen ƙwayoyin jininsa sun yi ƙasa, farare sun yi ƙasa, masu tsayar da zubar jini ma sun yi ƙasa. Ta ce idan duka ukun suka faɗi tare, dole a je a duba inda ake yin su. Na ce ina ne? Ta ce cikin ƙashi, a ɓargo. Ta ce akwai cututtukan da ke shiga can su zauna, jinin da ake ɗiba a hannu ba ya nuna su: wani lokaci kansar jini, wani lokaci ƙwayar cuta. Za a sa allura mai kauri a ƙashin ƙugu ta baya, a zuƙo ɓargon kaɗan, a kuma yanko ɗan guntun da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, a duba.

Na ce, "Dokta, idan an yi za a gano?"

Ta ce, "Ba zan yi miki alkawari ba. Wani lokaci ana yi a rasa. Amma in ba a yi ba, ba ni da sauran inda zan duba."

Na fito na samu Baffa da Inna a ƙarƙashin itace na faɗa musu. Baffa ya ajiye carbinsa. Ya ce, "A huda masa baya? Ba da ni ba." Ya ce ya san wani a unguwarmu da aka yi wa allura a baya, bai sake taka ƙafarsa ba. Ya ce ɓargo shi ne ƙarfin mutum, wanda ya rage masa ɗan kaɗan shi za a zuƙe? Na yi ta bayani, ya ɗaga mini hannu.

"Ke yarinya, saurara. An sha masa jini kwalba-kwalba, me aka gani? Yanzu jinin ya ƙare an koma ƙashi. Gwaji suke koya a kansa. Ni na ga mutuwa da yawa, na san kamanninta. Ki bar ni in mai da ɗan'uwana gida, ya cika a ɗakinsa, a wanke shi a gidan ubansa, a binne shi kusa da iyayensa. Kina so ya mutu a nan a sa shi cikin firji?"

Yana faɗa idanunsa suna kawo ruwa. Wannan ne ya fi karya ni, domin da mugunta yake yi da na san yadda zan yi da shi. Shi ya goyi Babana suna yara. Na juya ga Inna na ce ta ce wani abu. Ta ce, "Ni mece ce tawa? Ga yayansa, ga ki." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na tashi na zaga bayan ɗakin wanki, inda ba kowa, na zauna a kan wani bulo na yi kuka har na ji haƙarƙarina suna ciwo. Idan na dage aka yi ya mutu, har abada ni ce na kashe shi a bakin dangi. Idan na bari aka tafi da shi, na san ba zai ga wata damina ba. Na kira mijina, ya ce duk abin da na zaɓa yana bayana, amma shi suruki ne, ba shi da bakin magana a gaban Baffa. Baffa kuwa har ya aika a nemo motar da za ta mai da su Djougou washegari.

Da safe, lokacin da zazzaɓin yakan sake shi hankalinsa ya dawo, na riga kowa zuwa bakin gadon. Ban nemi izinin kowa ba. Na ce, "Baba, akwai maganar da ake yi a kanka a waje, kuma ba a faɗa maka ba." Na faɗa masa duka, har da motar. Ina cikin magana Baffa ya shigo, ya tsaya a ƙafar gado yana kallona.

Baba ya ce, "A ina za su huda?"

Na nuna masa a jikina, bayan ƙugu, gefe.

Ya ce, "Ba tsakiyar baya ba?"

Na ce a'a.

Ya juya kansa a hankali wajen Baffa. "Yaya, wancan da kake faɗa laka ce. Laka tana cikin gadon baya, ita ce in an taɓa dabba take zubewa. Nan da ta nuna ƙashin ƙugu ne, ba abin da ke ciki sai ɓargo." Ya tsaya ya huta, domin magana tana gajiyar da shi. "Ni na gaji da rashin sani, Yaya. In mutuwa ce, ba ta buƙatar mota, za ta same ni a nan. A bar su su duba."

Baffa ya juya. Ya fita. Daga baya na ji ya sallami mai motar.

An yi abin a wani ɗan ɗaki kusa da ɗakin marasa lafiya. Likitar ta ce in shiga don in riƙa fassara. An riga an ƙara masa jini saboda tsoron zuba. Aka kwantar da shi a gefe, gwiwoyinsa a naɗe, ya ba su baya, fuskarsa tana wajena. Na tsuguna na riƙe hannayensa biyu. Aka goge wurin da wani jan magani, aka yi masa allurar kashe zafi. Sai na ga allurar kanta, mai kauri kamar basilla, da mariƙi. Na yi sauri na mai da idona kan fuskarsa don kada ya ga tsoro a tawa.

Likitar ta ce in faɗa masa zai ji dannawa. Na faɗa. Na ga kafaɗarta tana murzawa, da ƙarfi, kamar mai buɗe ƙofar da ta cije. Baba yana salati ƙasa-ƙasa. Ta ce yanzu za ta zuƙa, zai ji zafi na ɗan lokaci, kada ya motsa. Kafin in gama fassarawa ya matse hannuna har zoben aurena ya shige cikin nama, ya ce, "Wayyo Allah!" Ban taɓa jin Babana ya ce wayyo ba sai ranar. Sannan ya saki. Aka sake shiga don yanko guntun. Wata ma'aikaciya tana gefe tana shafa abin a kan ƙananan gilasai da sauri.

Da aka gama aka manna masa auduga, ya ce a nuna masa. Likitar ta ɗaga sirinjin. Ja ne, kamar jini mai kauri, da ɗan ɗigo-ɗigon kitse. Ya ƙura masa ido, ya ce, "Ɗan wannan ne duka?" Na ce shi ke nan. Ya motsa yatsun ƙafarsa, ya ce in je in faɗa wa Yaya suna motsi.

Na ɗauka da an yi shi ke nan. Ashe jira ne ya fi komai wuya. Gilasan za a duba su a nan, ruwan ɓargon za a sa wani a na'ura, guntun kuwa sai an aika da shi kudu. A kwanakin nan jikin Baba ya ƙara lalacewa. Ya daina karɓar ko kunu. Zazzaɓin ya daina jiran la'asar. Ya fara sambatu, yana ciniki da Fulani da Fillanci, yana kiran shanu, yana ce mini Inna, wato uwarsa ta gaske da ta rasu tun ina goye. Baffa ya daina yi mini magana. Idan na gaishe shi sai ya amsa wa iska. Na ji shi yana faɗa wa wani ɗan'uwa ta waya, "Tun da aka zuƙe masa ɓargo bai sake sanin inda yake ba." Ni kaina na fara tambayar kaina ko gaskiyarsa ne.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani saurayi Bafillace daga wajen daji, shi ma zazzaɓi ne da aka rasa kansa. An yi wa mutanensa irin maganar da aka yi mana, suka ƙi. Wata rana da hantsi suka naɗe shi a bargo suka fita da shi. Uwarsa ta bar wa Inna ragowar gawayinta. Ban san abin da ya same shi ba. Na tsaya ina kallon katifarsa da aka jingine a rana, ina ji kamar tamu ce ta gaba.

Sakamako na farko da ya fito shi ne na gilasan. Likitar ta ce ba kansar jini ba ce. Na ce alhamdulillahi. Na ce, "Dokta, wani babun ne kuma?" Ta ce in ƙara haƙuri, na'urar da ake sa ruwan ɓargon ta samu matsala, ana gyara. Na fita na tsaya a bakin titi gaban asibitin, masu zem, 'yan acaɓan garin, suna tsayawa suna tambayata ina za ni. Ba inda za ni. Na rasa wanda zan roƙa. Na riga na roƙi Allah da duk kalmomin da na sani, har na koma ina cewa "Ya Allah" kawai, ba ci gaba.

Ina ba shi ruwa da cokali ne, da rana tsaka, na ga likitar ta shigo da sauri, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya a kaina ta ce da Faransanci, "Mun same shi." Ta ce tarin fuka ne.

Na ce, "Tarin fuka? Ai bai taɓa tari ba. An ɗauki hoton ƙirjinsa har sau nawa."

Ta ce ƙwayar cutar ba a huhu kaɗai take zama ba. Takan bi jini ta bazu, ta shiga saifa, ta shiga hanta, ta shiga ɓargo ta hana shi yin jini. Na'urar ta ga alamarta a cikin ruwan da aka zuƙo. Na tambaye ta ina ya samo ta. Ta ce wataƙila wajen mutum, wataƙila wajen shanu ko ɗanyen nono, ba za ta iya rantsewa ba. Sai ta faɗi abin da na daɗe ina jiran wani ya faɗa: "Yana da magani. Yau za mu fara." Ta ƙara da cewa ya yi nisa ƙwarai, kada in sa rai da yawa tukuna.

Na je na faɗa wa Inna. Ta ce, "Tari?" Ta maimaita, "Tari?" Sai ta fashe da kuka a gaban duk matan da ke wurin, ita da ba ta yi kuka ba tun farkon ciwon. Baffa ya ce bai taɓa jin tarin da ba a tari ba, amma a ba shi maganin a gani.

Ba a ga komai da wuri ba. Ƙwayoyin manya ne, sai mun daka su mun dama da ruwa muna ɗura masa, yana amayarwa muna sakewa. Fitsarinsa ya koma ja, Inna ta firgita, aka ce maganin ne. Sai idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, aka ce hanta ce ta gaji, aka tsayar da wasu ƙwayoyin, aka dawo da su ɗaya bayan ɗaya. A tsakanin nan sakamakon guntun ya iso daga kudu, ya tabbatar da abin da na'urar ta faɗa. Na karɓe shi ban ji komai ba, domin mutumin da ake magana a kansa yana kwance bai san ni ba.

Ban iya tuna ranar da zazzaɓin ya tafi ba, don bai tafi a rana ɗaya ba. Ya riƙa zuwa a makare, ya riƙa zuwa da rauni. Wata la'asar na sa hannu a goshinsa na ji sanyi, na tsorata na girgiza shi. Ya buɗe ido ya ce, "Uwata, lafiya kike tashina?" Na ce lafiya lau, Baba. Ya ce bakinsa ba daɗi, a samo masa romo, kuma kada a sayi naman a bakin asibiti, ya ga irin wanda ake shigowa da shi.

Mangwaro ya fara nuna lokacin da aka sallame mu. Ya ci gaba da karɓar maganin a Djougou wata da watanni. An duba mu duka a gida, ba a samu kowa da cutar ba. Amma mutane sun ji sunan ciwon, kuma ba wanda yake son sayen nama a hannun mai tarin fuka, ko da an ce ya warke. Ƙanena ya karɓi teburin. Baba bai sake komawa kasuwannin shanu ba. Jikin bai dawo ba, kuma maganin ya bar masa dindiris a tafin ƙafa, yana tafiya da sanda. Likita ta ce daga ƙwayoyin ne. Baffa har ya rasu yana cewa allurar nan ce ta baya. Mun shirya da shi, ya ci gaba da sa mini albarka idan na je gaisuwa, amma a kan wannan bai taɓa sauka ba, ni ma ban sake ja da shi ba.

Da ya gama shan magani aka ce ya koma Parakou a duba shi na ƙarshe. Ya sa ƙanena ya yanka masa cinyar wani sa, shi ya zauna ya gyara ta da hannunsa, aka sa a cikin kula da ƙanƙara. Ya ce ta likitarsa ce. Muka isa asibitin, aka duba shi, aka ce jininsa ya cika. Da muka tambayi likitar sai aka ce an mai da ita wani gari, ba ta nan. Baba ya tsaya a baranda da sandarsa, kular tana gabansa, ya rasa abin yi. Na ce mu kai gidana a dafa. Ya ce a'a.

Ya sa na ɗauki kular muka zaga wajen masu jinya. Ya zauna a kan wani benci, ya ari wuƙa wajen wata mata, ya gwada kaifinta a babban yatsa ya yi tsaki, ya wasa ta a gefen siminti. Sannan ya shiga yanka yana miƙa wa duk wadda ta zo da kwano. Wata tsohuwa ta tambaye shi da Dendi ko sadakar mamaci ce. Ya ce mata a'a, ta matso da kwanonta.